Asibitin ƙoda a Gombe da tambayarmu kan maganin CAR-T

Watanni bakwai ke nan ina kai ƙanwata wani asibitin kuɗi a cikin garin Gombe, tun da gwaji ya tabbatar da cewa cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, ta taɓa mata ƙoda. Ƙafafunta a kumbure muka fara zuwa, fitsarinta kuwa sai kumfa.

Abin da ya sa nake yaba wa wurin shi ne amsar da likitan ya ba ni ranar da na tambaye shi maganin CAR-T, wanda na ji ana cewa yana kawar da cutar. Bai raina tambayar ba, bai kuma ɗora mu a kan buri ba. Ya zana mana a takarda yadda ake tace ƙwayoyin garkuwa na T daga jinin majinyaci, a sauya musu halitta a ɗakin gwaji ta yadda za su farauci ƙwayoyin B masu haddasa ɓarnar, sannan a mayar da su jiki bayan an ba majinyacin magungunan ciwon daji masu ƙarfi. Ya ce a Erlangen ta ƙasar Jamus ne tawagar Farfesa Georg Schett ta fara gwada shi a kan cutar lupus, a jikin wata matashiya a 2021, kuma cutar ta lafa mata har ta daina shan magani. "Amma Malam," in ji shi, "har yanzu gwaji ake yi, yana iya jawo zazzaɓi mai tsanani, kuma irinsa na ciwon daji dala 475,000 aka sa masa a Amurka a 2017. Mu riƙe abin da ke hannunmu."

Abin da ke hannun namu shi ne magungunan hydroxychloroquine da prednisolone da mycophenolate, tare da awon furotin a fitsari duk wata, kuma alhamdulillahi kumburin ya sauka.

Sai dai jira a wurin yana cin rai, domin mukan yanki kati da hantsi mu ga likita bayan la'asar. Sau biyu kuma kantin maganinsu ya ce mycophenolate ya ƙare, wanda ga mai wannan ciwo ba ƙaramin haɗari ba ne, sai da muka sa aka aiko mana daga Kano.