Sharhina kan sayen kare mai takarda a Amurka: tirenin, fiɗiya da maganar gasa

Tun da na ɗora hoton Barde a WhatsApp mutane suke ta tambayata, nawa ka saya, a ina, ya aka yi yake zama in ka ce zauna, wani ma cewa ya yi in an samu 'ya'yansa a ajiye masa ɗaya. To Barde dai ba zai taɓa ba da ɗa ba don an fiɗiye shi, kuma tun ranar da na biya kuɗinsa na sa hannu a kan haka. Shi ya sa na ce bari in rubuta sharhi guda kan mutum ukun da na yi hulɗa da su, matar da ta sayar min da shi, mai tirenin, da likitan dabbobi, duk wanda ke nan Amurka yake sha'awar irin wannan kare sai ya san abin da zai tarar. Ba zan kama sunan kowa ba. Masu shirin yi min wa'azi kuma ku yi haƙuri, na gadi ne, a bayan garin Dallas na jihar Texas muke, ina aikin dare, iyali su kaɗai nake bari a gida, kuma ba ya shiga ɗakin da muke sallah.

Barde irin karen Jamus ne, wanda muka fi sani da karen 'yan sanda. Wani tsohon sojan doki Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar wannan iri a Jamus a 1899, har yau kuma akwai ma'aunin da aka rubuta na yadda ya kamata karen ya kasance, tsayi, kunne, gashi, launi, har tafiya. Masu kiwo in karya ta haihu sai su duba 'yan kwikwiyon su raba su gida biyu, na gasa da na gida. Na gasa shi ne wanda suke ganin zai iya shiga fili ya ci kyauta a kuma yi iri da shi, na gida kuwa akwai wani ɗan abu da ya kauce wa ma'aunin. Barde na gida ne, kuma matar ba ta ɓoye min dalili ba, wannan kam na yaba mata. Ta ɗaga shi ta ce taɓa nan, maraininsa ɗaya ne ya sauko, ɗayan ya maƙale a ciki, ta ce wataƙila ya sauko nan da 'yan watanni amma kar in sa rai. Bai sauko ba. Kuɗinsa dala 2,000 da ɗan ɗoriya, ɗan'uwansa na gasa kuwa da suka fito ciki ɗaya ta sa masa kusan ninki biyu.

Kafin ma ta yarda ta karɓi kafin alƙalami sai da na cike fom mai tsawo, ina zai kwana, akwai katanga, yara nawa, awa nawa zai zauna shi kaɗai. Wata mai kiwon da na fara tuntuɓa da ta ji ba a falo zai kwana ba ko amsa ba ta sake yi min ba. Wannan kuwa da na nuna mata hoton wajen da na gyara a gareji da na'urar sanyaya ɗaki, don zafin Texas ba wasa ba ne, sai ta ce ba komai in dai zai riƙa cuɗanya da mutanen gida kullum. Ta nuna min takardar hoton ƙugun uwar da na uban daga OFA, cibiyar da ke tantance wannan, don ciwon gaɓar ƙugu ya yi yawa a irin, kuma sai kare ya cika shekara 2 suke ba da cikakkiyar shaida. In mai sayarwa ya ce maka ai likita ya duba lafiya lau amma babu wannan takarda, kama gabanka.

Yanzu ga inda maganar take, takardar rajista. Ƙungiyar AKC mai yi wa karnuka rajista a Amurka, wadda aka kafa tun 1884, rajista iri biyu take yi, cikakkiya da mai iyaka. Na gida mai iyaka ake ba shi. Ma'ana sunansa na cikin littafi, asalinsa tabbatacce ne, amma ko ya haifi 'ya'ya ba za a yi musu rajista ba, sannan ba zai shiga gasar ƙira ba, wato wadda ake duba siffar jiki. Kuma ba kai ne za ka canja ba, mai kiwon da ta yi wa cikin rajista ita kaɗai ke da ikon mayar da ita cikakkiya. Don haka masu lissafin zan sayi mai araha in riƙa haɗa shi da karya ina sayar da 'ya'ya, wannan lissafin ba zai fita ba.

Na je kallon gasar ƙirar don in ga me ake hana mu, kuma gaskiya da na gani sai na fahimci dokar. Alƙali zai sa a tsayar da kare, na Jamus tsayuwarsa daban ce, ƙafar baya ɗaya a ƙarƙashin ciki ɗaya a miƙe can baya, sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya shafa kafaɗa da gadon baya, sannan ya kai hannu ƙasa ya laluba ko maraina biyu ne, kamar mai tayin ragon layya a kara, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Daga nan a zagaya fili da gudu yana kallon yadda ƙafafu ke sauka. Ashe gasar gaba ɗaya ta zaɓen wanda za a yi iri da shi ce, to fiɗiyayye me zai je yi, mai maraini ɗaya ma fitar da shi ake yi nan take, haka farin karen Jamus ko wanda kunnensa ya langaɓe. Kafin kare ya zama zakara sai ya tara maki 15, ciki har da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai daban-daban, mutane na yawo jiha-jiha da tirela suna biyan masu riƙe musu kare a fili. Ni ko an ba ni kyauta ba ni da wannan lokacin. Wanda kuma ya nace sai ya shiga fili da fiɗiyayye, wata ƙungiyar rajistar karnuka daban, UKC, tana da ajin fiɗiyayyu.

Abin da ya ɓata min rai da mai kiwon shi ne lokacin fiɗiya. Kwantiragin da na sa wa hannu ya ce a fiɗiye shi kafin ya wuce wata 6, kuma ba za ta saki takardar rajistar ba sai na turo shaidar likita. Da na kai shi allurar ciwon hauka, wadda dole ce a Texas kafin kare ya wuce wata 4, sai likitan ya karanta wannan layin ya girgiza kai. Ya ce babban kare irin wannan ƙashinsa bai gama girma a wata 6 ba, kuma sinadarin da maraina ke fitarwa yana da hannu wajen tsayar da girman ƙashi a kan lokaci, in an cire da wuri ƙafafu kan ɗan zarce tsayi gaɓoɓi su sha wahala. Ya ba ni labarin binciken da Farfesa Benjamin Hart da abokan aikinsa suka fitar a 2016 a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a kan karnukan Jamus sama da 1,000, inda mazan da ba a fiɗiye ba kashi 7 cikin 100 suka samu ciwon gaɓa, waɗanda aka fiɗiye kafin shekara ɗaya kuwa kashi 21. Ninki uku kenan fa. Amma ya ce kar in ɗauka cewa yake a bar shi haka, a'a, marainin da ya maƙale a ciki ya fi saurin zama ƙari in kare ya manyanta, kuma abin gado ne, dole a cire duka biyun, sai dai a bari ya wuce shekara tukuna.

Na rubuta wa mai kiwon imel na haɗa da wasiƙar likita. Shiru. Na sake, shiru, na kira ba ta ɗauka ba, matar da lokacin karɓar kuɗi kafin in ajiye waya ta amsa. Da ƙyar daga baya ta dawo min da cewa ita dokarta ɗaya ce ga kowa don an sha yaudararta, mutum ya ce na gida yake so sai ta ga yana tallan 'yan kwikwiyo da sunan gidanta a Facebook. Na gane damuwarta, amma kare mai maraini ɗaya da rajista mai iyaka wa zai yi kasuwa da shi? A ƙarshe dai ta yarda a kai wata 18, bisa sharaɗin takardar ta ci gaba da zama a hannunta. Inda duk wanda zai saya zai tsaya ya yi ciniki kenan tun kuɗinsa na aljihunsa, a rubuta watan fiɗiya a cikin kwantiragin, ko a rubuta cewa likita ne zai yanke. Sannan ka duba dokar garinku, akwai biranen da suka wajabta fiɗiya da wuri sai in kana da izini, Los Angeles tun 2008 wata 4 ta sa.

Tirenin kuwa shi ne kuɗin da ban yi kukansa ba ko kaɗan. Ajin taro ne, yamma ɗaya a mako, karnuka kamar takwas a wani babban ɗaki mai shimfiɗar roba. Matar ba ta duka ba ta tsawa, ɗan jakar nama busasshe take sa kowa ya ɗaura a ƙugu, kare na yin daidai ka ba shi a take, in ka yi jinkiri ko na ɗan lokaci kaɗan ne ta ce ai ka saka masa a kan wani abin daban. Rabin aikinta mu take gyarawa. Barde na da jan igiya, hannuna har ciwo yake, sai ta ce duk sanda igiya ta miƙe in tsaya cak kar in ce komai, sai ya waiwayo ta saki sannan in ci gaba. Tafiyar da ba ta fi tsallaka titi ba sai ta cinye mana rabin awa, maƙwabta na leƙe ta taga, amma abin ya zauna. Da Hausa nake ba shi umarni, zauna, kwanta, tsaya, zo, bari, ta ce ba ruwanta in dai kowa a gidan kalma ɗaya zai riƙa faɗa. Uwargida da da ko kusa da garejin ba ta zuwa yanzu ita ya fi jin maganarta.

Mun yi jarrabawar kyakkyawan hali ta AKC, wadda suka fara a 1989, abu 10 ake gwadawa kuma ba a yarda ka riƙe nama a hannu ba ranar. Baƙo ya gaisa da kai kare bai yi tsalle ba, a shafa shi, a taje gashinsa a duba kunne da ƙafa, ya ratsa cikin mutane, ya haɗu da wani kare, a yar da wani abu mai ƙara a bayansa. Na ƙarshen ne ya fi ba mu wuya, ka miƙa igiyar ga wani ka ɓace minti 3. Ina bayan ƙofa ina jin ɗan kukansa ƙasa-ƙasa, na ce shi kenan mun faɗi, ashe bai kai yadda za su kayar da shi ba. Wannan jarrabawa da gasannin biyayya da na tsallake-tsallake da na bin ƙanshi duk a buɗe suke ga mai rajista mai iyaka da fiɗiyayye, ta ƙira kaɗai aka rufe. Inda zan rage wa mai tirenin maki shi ne ajin ya yi cunkoso, in wani kare ya rikice da haushi sai a ci minti goma a kansa.

Aikin fiɗiyar ya fi na sauran karnuka tsada don sai da aka buɗe ciki aka nemo wanda ya ɓuya, yanka biyu ya dawo da su. Likitan ya ce tunda an riga an buɗe, a ɗinke tumbinsa a jikin bangon ciki gaba ɗaya, don karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu kan kumbura ya murɗe, kuma cikin 'yan awoyi yake kisa. Na yarda, ya ƙara kuɗi, amma ya fi a ce sai an sake sa shi barci wani lokacin. An hana shi abinci tun dare, da safe na kai shi, da yamma na ɗauko shi yana tangaɗi da faffaɗar robar nan a wuya da ke hana shi lasar ɗinki. Mako biyun jinyar sun fi aikin kansa wahala, kare mai ƙarfi a ce ba gudu ba tsalle, robar kuma duk inda ya juya sai ta daki ƙwaurin mutum ko ta kifar da kwanon ruwa. Asibitin sun kira washegari su ji ya ya kwana, na ji daɗin wannan.

Masu cewa fiɗiya na kashe wa kare zuciya ya daina gadi, ni dai ban gani ba. Har yanzu mai kawo kaya in ya taɓa ƙofar katanga unguwa sai ta ji. Abin da ya ragu shi ne ɗaga ƙafa yana fitsari a kowace bishiya da neman hanyar fita. Abin da ya ƙaru kuma ci ne da ƙiba, sai da likita ya sa na rage masa awo. Kuma kar wani ya yi zaton fiɗiya za ta gyara karen da ba a koya wa komai ba, akwai wani a ajinmu da aka fiɗiye tun yana ƙarami, shi ya fi kowa jan mai shi a ƙasa.

In maki zan bayar cikin biyar, likita biyar, mai tirenin huɗu, mai kiwo uku, kuma ukun ma don lafiyar karen da gaskiyar da ta faɗa min tun farko ne. Takardar rajistar ta iso ta gidan waya bayan na tura mata shaidar likita, wannan karon kam ba ta ɓata lokaci ba. Ajin bin ƙanshi za mu shiga nan gaba, sai dai ranar Juma'a da rana suka sa shi, ina jira su buɗe na Asabar.