Lekol ɗin kurame ko lekol ɗin unguwa, wacce ta fi ma yaron da bai ji?

Salamu alaikum 'yar uwa, Allah shi ƙara ma yaro lahiya, ke kuma shi ba ki ladan haƙuri. Kin ce yaronki shina da shekara 6, sanƙarau ya kama shi tun shina ɗan shekara 2, ya tashi amma tun daga nan bai ji, 'yan kalmomin da ya fara yi ma duk sun ɓace, yanzu ga watan Oktoba ya matso maigida na cewa a sa shi lekol ɗin unguwa tare da yayyenshi, ke kuma an ba ki labarin lekol ɗin kurame ta nan Maradi, kina son ki san wacce ta fi. Ni aikin koyarwa nike a firamare, kuma ɗiyar yayata kurma ce, to biyun duka na gan su kusa.

Kahin ma a kai ga zancen lekol, in ba a taɓa yi mishi awon ji ba ki kai shi likita wajen lokotoron kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake ce ma ORL, a auna a gani ko akwai sauran ji ko babu, don amsar duka a nan ta rataya. Kuma kar ki ɗora ma kanki laihi, hukumar lahiya ta duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau irin na ƙwayar bakteriya 1 na fita da wata larura mai daɗewa, kuma rashin ji na cikin waɗanda suka fi yawa, mu kuwa nan ƙasar sanƙarau muke, duk shekara in iska da ƙura da zahi suka taso sai an ji labarinshi.

Lekol ɗin unguwa abin da take da shi a bayyane yake. Tana kusa, da ƙahwa zai tahi, yayyenshi na riƙe da hannunshi wajen ƙetare titi wanda ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da bai jin odar mota ko ƙarar babur daga bayanshi, ba kuɗin abin hawa, kuma yaran da zai zauna da su su ne dai waɗanda yake wasa da su a ƙofar gida. Haƙƙinshi ne kuma, ba alfarma ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, sannan akwai doka mai lamba 2019-62 ta watan Disamba 2019 da ta tsara yadda za a riƙa tahiya da su cikin al'umma, har da karatu. To in wani darakta ya ce miki ba su ɗaukar irin waɗannan yara kar ki juya gida kina kuka, ki tahi wajen sufetan makarantun firamare ki kai maganar. Ƙungiyar nan Handicap International, wadda yanzu ake kira Humanité & Inclusion, ta yi aiki nan jihar Maradi kan shigar da yara masu naƙasa makarantun kowa da kowa, an horar da wasu malamai, don haka ki tambayi daraktan ko cikin malamanshi akwai wanda ya samu wanga horo, in akwai to lissahin ya ɗan canza.

Amma bari in gaya miki yadda aji yake daga ciki, don shi ne abin da maigida bai gani. Ajin CI, wato ajin farko, cike yake maƙil, wani wuri ma runhwar zana ce, malama guda, kuma karatun shekarar farko kusan duka da kunne ake yin shi, malama ta faɗi yara su maimaita, ta sake faɗi su sake maimaitawa, a rera, a yi shibta. Rabin lokaci kuma bayanta ta ba aji tana rubutu ga allo tana magana. Na taɓa samun yaro kurma a ajina, mai tsabtar rubutu ƙwarai, duk abin da na rubuta sai ya kwahe shi tsaf har da ɗigo, in na ce a ɗaga alluna sai ya saci kallon na kusa da shi ya zana abin da ya gani ya ɗaga da sauri shina murmushi, in an yi dariya shi ma ya yi. Wanda ya leƙo ta taga zai ce yaron nan na karatu. Ranar da na nuna mishi kalma guda cikin littahinshi na ajiye mishi hotuna ya zaɓi wanda ya dace da ita, sai ya tsaya shina kallon fuskata shina neman amsar a idona. Zane yake yi, bai san rubutun na nuhin wani abu ba, kuma ba don ba shi da ƙwaƙwalwa ba, wallahi yaron ya fi da yawa daga cikinsu kaifin hankali.

Mutane za su ce miki ai zai koyi karanta leɓe. Ki tsaya gaban madubi ki ce baba, ki ce mama, ba tare da murya ba, ki gani ko akwai bambanci. Babu. K da ƙ da g duk can cikin baki suke ba a ganinsu, hawa da saukar murya kuwa da Hausa ta dogara da su ba su fitowa ga leɓe ko kaɗan. To wanga a Hausar da ake yi a gidanku ke nan, bare Faransancin da bai taɓa ji ba ko sau guda. Karanta leɓe na taimakon wanda ya riga ya san harshen, shi kuwa naki tun shina shekara 2 aka rufe mishi ƙofar.

Nan ne lekol ɗin kurame ta sha gaba, kuma ratar ba kaɗan ba ce. Akwai irinta a Yamai, akwai a Damagaram, akwai nan Maradi. Abin da take ba yaro wanda waccan ba ta iya ba shi shi ne harshe. Maganar hannu cikakken harshe ne, ana ba da labari da ita, ana gardama, ana lissahi, ana tambayar don mi, ba nune-nunen zo ka ci tuwo ko tahi ka kwanta da muke yi a gida ba ne. Sai yaro ya samu harshe guda a kanshi sannan ake iya ɗora mishi karatu da rubutu bisa, kuma shekarun ƙuruciya su ne lokacin, duk shekarar da ta wuce aikin ƙara wuya yake, shi ya sa ban son jin a bari ya ƙara wayo. Sannan ga abokai. Ɗiyar yayata kahin a sa ta, yarinya ce mai yawan hushi, abu kaɗan ta yi jifa da kwano ta faɗi tana birgima, har an fara cewa a nemo mata rubutu ko iskoki ne, ashe takaici ne na wanda ke da magana a ciki ba hanyar hita. Da ta shiga cikin 'yan uwanta ta ga har manya akwai masu magana da hannu suna aikinsu suna dariyarsu, sai ga ta ta dawo gida tana ba uwarta sunan kowa, ita da kanta ta raɗa ma kowa na gidan alamarshi, kakarta alamar goro ga kumatu, ni alamar tabarau. Jifa da kwanon nan ya tsaya da kanshi.

Ita ma tana da nata nauyin, ba zan ɓoye miki ba. Na farko nisa, guda ce ga gari duka, in kina bakin gari kullum sai an kai shi an ɗauko shi, kuma yaro kurma ɗan shekara 6 ba a aza shi bisa kabu-kabun da ba a sani ba, sai dai ki samu mutum guda amintacce ku yi tsada ta wata. Mu ɗauka dala 50 zuwa dala 50 dawowa, kwana 20 a wata jikka 10 ke nan, ga wani gidan wanga kuɗin cefane ne. Wanda ke Tibiri ko Madarumfa ko Gidan Rumji kuwa sai ya nemi ɗan uwa cikin gari da zai riƙe mishi yaro, kuma ba kowane gida ke iya riƙon yaron da ba su iya magana da shi ba. Na biyu, alamomin da ake koyarwa a lekol ba daidai suke da maganar hannu ta kuramen kasuwa da ƙauye ba, na lekol asalinsu daga na Amurka ne, wani kurma baƙar fatar Amurka mai suna Andrew Foster ya baza su ta makarantun kurame da ya buɗe a ƙasashen Afirka da dama, aka daidaita su da Faransanci. Yara kan haɗa biyun ba wuya, amma ku na gida in ba ku koya ba sai yaro ya zama shina da harshe a lekol ya dawo gida ya zama baƙo. Na uku, in ya ƙare CM2, ajin ƙarshe na firamare, zai shiga kolej, can sai ya koma cikin masu ji, kuma nan ne da yawa ke tsayawa in ba a samu mai fassara musu ba. Sai dai wanda ya isa kolej ya iya karatu da rubutu yana da abin kamawa, wanda ya yi shekara 6 shina kwahe allo ba shi da komi.

To in kin tambaye ni, yaron da bai ji sam kuma ba shi da magana, irin yadda kika siffanta naki, lekol ɗin kurame, ko da za a matse wani wuri a hidda kuɗin hawa. Inda zan ce lekol ɗin unguwa shi ne in awo ya nuna akwai sauran ji mai ɗan dama, ko yaron da ya kurumce bayan bakinshi ya riga ya buɗe sosai, kamar ɗan shekara 7 ko 8 da ke magana garau, shi wanga in an zaunar da shi layin gaba, malama ta riƙa juyowa tana kallonshi in za ta yi magana, aka samu na'urar kunne da lokotoro ya auna mishi, zai iya tahiya da sauran. Na'urar ma kar ki sayi ta tebur a kasuwa, wadda ba a daidaita ta da awon yaro ba ƙara kawai take zuba mishi, kuma ki san tana cin pil, ƙura da zuhwa na ɓata ta, sai ana kula.

In kuma nisan ya gagara ƙwarai dole sai ta unguwa, to kar a tura shi haka nan a ce ai shina lekol. Ki nemi ƙungiyar kurame, akwai Association des Sourds du Niger, akwai kuma tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa FNPH, ki roƙa a haɗa ku da babban kurma wanda ya yi karatu ya riƙa zuwa gida ko da Asabar da Lahadi ne shina koya ma yaron da yayyenshi da ke kanki, har da maigida in Allah ya sa ya yarda ya zauna. Makarantar allo ma kar a cire shi, alwala da salla da gani ake koyonsu, amma ki je da kanki ki yi ma malam bayani don kar a riƙa bugunshi a kan ya ƙi biya karatu, kuma duk wanda ya kawo miki shawarar a ba shi kwano ya bi wani naƙasasshe bara don wai akwai samu, ki ce mishi a'a ko wane ne shi a dangi.

Yadda za ki shawo kan maigida kuwa, kar ki tsaya gardama, ki roƙe shi ku tahi lekol ɗin kuramen tare da yaron da sahe lokacin da yara suka hito hutu, ku gaida darakta, ku tambayi lokacin rubuta suna da takardun da ake buƙata da ko ana koya ma iyaye maganar hannu, sannan ku saki hannun yaron cikin hili shi kuma uban ya tsaya ya kalla. Ki riƙo takardar haihuwarshi da takardar awon jin, in ba shi da ta haihuwa ki fara neman ta tun yanzu don tana ɗaukar lokaci.