Goge da bakan da muka saya wa 'yata bayan gwajin mako guda

Ni ba makaɗi ba ne, gara in faɗa tun da wuri. Abin da na sani game da bayolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ta bango na koye shi, don shekara biyar ke nan ɗakina yana manne da wanda 'yata ke atisaye a ciki kowace yamma. Kunne kuwa ko bai so ba sai ya koya. Wata takwas da suka wuce muka sauya mata goge da baka, kuma ina ganin ɗokin sabon abu ya lafa, zan iya faɗin ra'ayina ba tare da na zuzuta ba.

Malamarta ce ta tayar da maganar. Na je ɗaukar yarinyar bayan darasi sai ta tsayar da ni a ƙofa ta ce, "Malam, yarinyar nan ta girmi gogenta, kuma ba a tsawon hannu kaɗai ba." Ta karɓi gogen ta ja da kanta. A ƙasan wuya yana magana, amma da ta zarce da yatsunta sama sai muryarsa ta shaƙe kamar an toshe masa hanci. Ashe duk watannin da nake cewa yarinyar ta yi sanyi da atisaye, ba laifinta ba ne. Gogen mai girman uku bisa huɗu ne, na saye shi ta intanet cikin saiti ɗaya da akwati da baka da ƙaro. Allon yatsunsa ma fenti aka shafa masa, har baƙin ya koɗe a inda yatsu suka fi sauka, farin katako ya leƙo. Araha ba ta ado. Amma ba zan zage shi ba, ya yi aikinsa a lokacin da ba mu san ko za ta ɗore ba.

Shagon da malamar ta tura mu na wani dattijo ne mai gyara da sayarwa. Na faɗa masa abin da na tanada, ina sa ran ya nuno min goge mafi tsada da kuɗin zai kai. Sai ya ce in cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu in ajiye wa baka. Na ce, sanda da izgar doki ce za ta ci wannan? Bai yi musu da ni ba, ya ce mu fara da gogen tukuna.

Uku ya sauko mana da su, dukkansu cikakken girma, wanda gangar jikinsa ke kai milimita 356 ko kusa da haka. Na farko Eastman VL305, aikin hannu daga ma'aikatar kamfanin da ke Beijin. Na biyu Gliga, daga garin Reghin na Romaniya, garin da ya yi suna da sassaƙar goge. Na uku babu sunan kowa a cikinsa sai takardar shagon. Ya ce daga wata ma'aikata a Sin yake ɗauko su, shi kuma ya yi musu ɗaurin ƙarshe da hannunsa. Duka ukun fuskarsu itacen sifurus ne, baya da gefe na mefil, allon yatsu kuma baƙin itacen nan mai tauri ɗan dangin kanya, ba fenti ba.

Ni kuwa idona yana kan wani tsoho da ke rataye a bango. Na leƙa ta ramin fuskarsa na hango takarda mai sunan Stradivarius, gabana ya faɗi. Dattijon ya yi dariya. Ya ce Stradivari, shahararren mai sassaƙa gogen nan, ya rasu a Kiremona ta Italiya tun 1737, kuma ma'aikatun Jamus da Bohemiya sun yi ta ƙera dubbai a ƙarshen ƙarni na 19 suna manna musu wannan takarda, ma'anarta kawai an kwaikwayi siffarsa. Wasunsu suna da daɗin murya, amma wannan ya juya shi ya nuna min wani siririn tsagi a bayansa, daidai inda ginshiƙin ciki, ɗan itacen da ke tsaye a cikin gogen, ke tokara. Ya ce tsagi a nan gyaransa na iya fin darajar gogen. Na maida hannuna aljihu.

Abin da ya fi tsaya min a rai a ranar shi ne wani abu da ya yi da tsohon gogenmu. Ya ɗauko 'yar rular ƙarfe ya auna tazarar tsirkiya da ƙarshen allon yatsu. Ya ce a cikakken goge siririyar tsirkiyar E takan tashi kamar milimita 3.5, kakkaurar G kuma kamar 5.5. Namu da yake ƙarami ya kamata ya gaza haka, amma E ɗinsa ta haura biyar. Shi ya sa kan yatsun yarinyar kullum da shatin tsirkiya. Sannan ya yago 'yar takarda ya zura ta ƙarƙashin ƙafar jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, ta shige sumul. Jaki ba a manna shi da gam, matsin tsirkiya ne ke riƙe shi, don haka dole a fere ƙafafunsa su zauna daram a kan fuskar gogen, in ba haka ba rabin sautin a hanya yake zubewa.

Daga nan ya ɗauki na ukun nan, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta ramin fuska, ya taɓa ginshiƙin ciki. Ɗan siririn itace ne kamar guntun fensir, a tsaye tsakanin fuska da baya, kusa da ƙafar jaki ta ɓangaren E. Faransawa da Italiyawa "rai" suke kiransa. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi, ƙwas, ko milimita ɗaya bai matsa ba. Ya miƙa wa 'yata. Tsirkiyar A da ɗazu take ɗan tsawa ta koma tana fita a natse. Da ba a gabana aka yi ba da na ce sauya gogen ya yi. Tun daga nan na gane cewa goge biyu daga ma'aikata ɗaya za su iya bambanta ƙwarai, gwargwadon hannun da ya ɗaura su. Wanda ya sayi goge a kwali ta intanet, wannan aikin ne bai saya ba.

Ya ba mu ukun mu tafi da su gida na mako guda, bayan na sa hannu a takarda. Wannan kaɗai ya isa in yaba wa shagon, don minti ashirin a ɗaki cike da gogunan da ke amsa wa juna ba gwaji ba ne.

Malamar ce ta kawo dabarar rufe ido. Ta ba mu labarin gwajin da aka yi a Indiyanafolis ta Amurka a 2010, inda aka sa wa ƙwararrun makaɗa 21 baƙin tabarau aka ba su goge shida, uku sababbi, uku tsofaffin Italiya masu tsadar gaske, 13 daga cikinsu suka zaɓi sabo. To mu su wa? Muka ɗaure wa yarinyar ido da ƙyalle, ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya ina sauya jeri. A zuciyata Gliga nake so, don bayansa zane-zane ne kamar harshen wuta, kuma muryarsa mai kauri ce, mai taushi, irin wadda ke kwantar da hankali da dare. Eastman ya fi shi haske, tsirkiyoyinsa huɗu kuma kansu ɗaya, babu wadda ta danne wata. Amma sau huɗu cikin biyar hannunta na komawa kan marar sunan nan. Na tambaye ta dalili ta ce, "Baba, wannan ba sai na roƙe shi ba." Wai da ta ɗora baka yake amsawa, ko da a hankali ta ja. An ce gani ya kori ji, amma a wannan makon ji ne ya kori gani.

Malamar ta ƙara wani gwaji da ban yi tunaninsa ba: ta sa yarinyar ta yi kiɗa a falo, ita kuma ta koma can ƙarshen baranda ta saurara, sannan suka yi musanya. Abin da mai kiɗa ke ji a ƙarƙashin kunnensa daban yake da abin da ke isa nesa. Na ukun a kusa yana da ɗan kaushi, daga nesa kuwa shi ya fi fitowa tas.

Sai batun baka, inda na sha kunya. Da muka koma, dattijon ya ɗora tsohon bakanmu a sikeli, ya nuna giram 66, alhali na cikakken goge ma wajen giram 60 yake. Ya ce in rufe ido ɗaya in hango tsawon sandar daga gindi zuwa kai. Ta karkace hagu kamar ƙafar kare. Shekara biyu yarinyar tana kokawa da wannan.

Huɗu ya jera a kan tebur. Biyu na katakon da ake sayarwa da sunan itacen Barazil, suna ne na kasuwa da ke rufe itatuwa iri-iri. Ɗaya na farnambuko, itacen da maƙeran baka suka fi daraja tun zamanin François Tourte na Faransa, wanda ya daidaita siffar bakan zamani a ƙarshen ƙarni na 18. A dazukan gaɓar Barazil kaɗai yake fitowa, ya yi ƙaranci har aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar CITES, mai ƙayyade cinikin itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa, a 2007, shi ya sa mai kyau yake tsada. Na huɗun CodaBow Prodigy ne, na zaren kabon, daga kamfanin da ke Winona a jihar Minesota.

Gwajin ba wuya. Ta ja tsirkiya ɗaya a hankali tun daga gindin baka har tsininsa, a ga ko zai yi karkarwa a tsakiya. Ɗaya daga cikin na katakon nan take ya faɗi, yana isa tsakiya sai ya fara rawa. Ɗayan kuma sandarsa ta yi laushi, da ta danna sai itacen ya taɓa izga. Sannan ta gwada tsalle-tsallen nan da baka ke ɗirowa kan tsirkiya yana tashi da kansa, darasin da ta yi wata uku tana kuka a kai. Da na kabon, a ja na biyu ya fara ɗirowa tif, tif, tif, a jere. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi bakan. Ban ce komai ba, kuɗin da nake ƙyashin cirewa nake tunawa.

Gaskiya ɗaya ce: na farnambukon ya fi zaƙin murya. Goge ɗaya, hannu ɗaya, amma sautin ya fi ɗumi da cika, ni da ba makaɗi ba ma na ji. Sai dai da mun ɗauke shi da babu abin da zai rage na tsirkiya, kuma dattijon da kansa ya ce a ƙaramin kuɗi bakan kabon ya fi tabbas, don na katako mai araha sa'a ce, wani ya yi kyau wani ya karkace cikin shekara. Kabon bai damu da zafi ko laima ba. Kuma yarinya ce mai shiga ajin haɗaka da yara goma sha. Sau biyu bakan nan yana faɗowa daga kan maɗorin takardar kiɗa, ko ƙwarzane bai yi ba. Na katako in ya faɗi da kai, sau da yawa shi ke nan.

Tsirkiyoyi Dominant aka sa mata, na kamfanin Thomastik da ke Biyana, masu cikin nailan, waɗanda suka fito tun 1970 kuma malamai da yawa har yau su suke farawa da su. Sai da suka yi kwanaki kafin su daina saki, kamar kowace sabuwar tsirkiya irinsu.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Da iska ta bushe, kunnuwan ɗaure tsirkiya biyu suka riƙa sulluɓewa, wata safiya muka buɗe akwati muka tarar da D kwance. Mun mayar, ya shafa musu wani abu kamar janbaki, suka kama. Matokarin haɓa da ya zo da gogen ya yi mata gajarta, sai da muka gwada uku kafin a dace, wannan kuwa kuɗi ne daban da ba a faɗa min tun farko ba, kuma na nuna masa ban ji daɗi ba. Akwatin da aka haɗa mana da shi zif ɗinsa ya mutu a wata na biyar. Gogen kansa yana da iyaka: can sama a kan tsirkiyar G muryarsa na dushewa, malamar ta ce zai kai ta shekara uku ko huɗu, bayan nan sai wani. Na sa ya rubuta a rasit cewa zai karɓe shi a matsayin wani ɓangare na kuɗin na gaba, kuma ina ba kowa shawara ya nemi wannan a rubuce, ba da baki ba. A lissafa kuma da cewa izga sai an sauya ta kamar sau ɗaya a shekara, tsirkiya ma haka ko fiye ga mai atisaye kullum.

Makon jiya na kai gogen a duba, kamar yadda ya ce in riƙa yi duk wata shida. Jakin ya ɗan sunkuya gaba saboda yawan ɗaure tsirkiya. Ya dafe gogen a cinyarsa, ya sa manyan yatsu biyu ya miƙar da shi cikin minti ɗaya, bai karɓi ko sisi ba. Na juya in kira yarinyar mu tafi, sai na same ta a gaban tebur, ta zaro bakan farnambukon nan daga aljihun tebur tana gwada nauyinsa a hannu. Dattijon ya dube ta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, ka fara tarin kuɗi."