Django ORM a shagon sari na Damagaram: inda ya yi mini rana da inda na koma SQL

Masu rubuta manhaja a nan Zinder sun daɗe suna musu a kan ko ORM, wato abin da ke rubuta wa mutum SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, zai iya maye gurbin rubuta SQL ɗin da hannu. Ni nawa bakin daga aiki ya fito. Da ORM ɗin Django, wani tsarin gina manhajar intanet da harshen Python, na gina manhajar wani shagon sari kusa da Kasuwar Dole, inda ake sayar da shinkafa, suga, man girki da taliya ga masu ƙananan shaguna daga Mirriya, Magarya da Matamaye. Yawancin cinikin bashi ne, a ɗauki kaya yau a biya ranar kasuwa mai zuwa. Alhaji mai shagon yana da sito a wata unguwa, don haka rumbun bayanan, PostgreSQL, yana kan sabar da muka kama haya a Faransa, shago da sito duk can suke aika tambaya.

ORM tafinta ne. Kai ka yi magana da Python, shi ya juya ta zuwa SQL, ya karɓo amsa ya miƙo maka. Wanda ya taɓa shiga ofis da tafinta ya san daɗin abin, ya kuma san cewa in ba ka jin harshen ko kaɗan, ba ka san me aka faɗa da sunanka ba.

Inda ya fara burge ni shi ne sunayen mutane. Tsohuwar manhajar shagon tana liƙa abin da aka buga kai tsaye a cikin jimlar SQL. Duk ranar da yaron kanta ya rubuta Ma'azu ko Isma'il, sai ta tsaya cak, domin alamar da ke tsakiyar sunan ita ce SQL ke rufe rubutu da ita. Yaran sun gaji har suka koma rubuta Maazu, mutum ɗaya ya zama biyu a littafin bashi. Wannan ƙofar kuma ita ce ɓarayin intanet ke bi su cusa umarninsu a rumbu. Django ba ya liƙa abin da aka buga haka tsirara cikin umarni, don haka tun da muka koma kansa zancen ya mutu.

Na biyu, sauya fasalin tebur, wato jadawalin da rumbu ke ajiye bayanai a ciki. Django ya fito a 2005, amma sai a sigar 1.7 ta 2014 aka saka masa wannan tsarin a jikinsa. Da Alhaji ya ce a ƙara wurin rubuta lambar motar da ta ɗauki kaya, layi ɗaya na ƙara, na buga makemigrations da migrate, shi ke nan, kuma tarihin kowane canji yana ajiye. Haka nan transaction.atomic: in kuran ya ɗauke ana tsakiyar rubuta faktir, ko dai faktir da ragin kaya su shiga tare, ko kada ko ɗaya ya shiga. Aikin rumbun ne a asali, amma Django ya sa shi a tafin hannu.

Sai inda ya fara ba da wahala. Wani ƙanena da nake koya wa aiki ya rubuta shafin masu bashi, kowa da faktir ɗinsa a ƙasan sunansa. Rubutun tsaf, babu abin kushewa a ido. Amma shafin sai ka danna ka jira, ka jira. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ai da littafina na buɗe da tuni na gani." Yaron ya ce, "Yaya, wallahi layi huɗu ne kawai, rezo ne." Na buɗe Django Debug Toolbar, mai nuna tambayoyin da shafi ya aika wa rumbu, na nuna masa. Tambaya ɗaya ta ɗauko sunaye, sannan kowane suna an sake aika masa tambayarsa daban. In masu bashi 400 ne, tafiya 401 ke nan zuwa Faransa da dawowa. Ko kowace tafiya kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ce, an tashi da daƙiƙa 40. Da muka sa prefetch_related, tambayoyin suka koma biyu. Maganin yana cikin Django ɗin, gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne babu abin da ya yi ƙara ko ya nuna ja. Wanda bai san yadda JOIN, wato haɗa tebur biyu a tambaya ɗaya, yake ba, ba zai taɓa zargin layukan nan huɗu ba, zai yi ta ɗora wa rezo laifi.

Rahoton ƙarshen wata ne ya sa na ajiye ORM gefe. Alhaji yana son ya ga bashin kowa da tsufansa, wanda ya wuce kwana 30, wanda ya wuce 60, kuma duk kuɗin da mutum ya kawo a fara cire shi daga faktir mafi daɗewa. Na gwada da kayan aikin ORM ɗin: Subquery, OuterRef, Coalesce da Window. Window ya shigo tun sigar 2.0 a 2017, amma tace sakamako a kansa sai a 4.2 ta 2023. Abin ya yi aiki, sai dai rubutun ya zama wanda ba zan so wani ya gada daga hannuna ba, SQL ɗin da ya haifar kuma ya fi shi muni. Na sake rubuta shi da SQL zalla, matakai uku da WITH, kowanne da sunansa, na aika ta connection.cursor, ƙimomin kuma ta %s don kada matsalar Ma'azu ta dawo. EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke bayyana yadda rumbu ya bi ya amsa tambaya, ya nuna rumbun yana karanta teburin biya gaba ɗayansa, na sa masa fihirisa a kan lambar mai bashi da kwanan wata.

Ana kuma cewa da ORM za ka sauya rumbu yadda ka ga dama. Da saura. SQLite, wani ƙaramin rumbu, ba ya kula da iyakar tsawon rubutu da ka sa wa gurbi, PostgreSQL kuwa yana ƙin karɓar abin da ya wuce. Ka gwada a kan wanda za ka yi aiki da shi.

A shagon yanzu, shigar da kaya, faktir da biya duk ta ORM suke bi, kuma ba ni da niyyar taɓa su. Rahotannin kuɗi da hannu nake rubutawa. Ɗalibai daga Jami'ar André Salifou kan zo neman koyon Django, abin kuma da sauƙi tunda kyauta ne, littafin bayaninsa ma akwai shi da Faransanci. Amma ba na barin kowa ya rubuta filter sai ya iya haɗa tebur biyu da JOIN, ya tara kuɗi da GROUP BY, sannan ya buga print a kan query ya karanta mini abin da Django zai aika.