Mun kai yara kallon okestira mai kiɗan Latin Amurka, ga yadda ta kaya

Masu tambaya ta ko ya dace a kwashi yara a kai su irin wannan wasa, amsata e ce, a kai su, amma fa akwai ƙorafi kuma zan faɗe shi. Ranar Asabar aka yi a wani zauren taro da ke Nasarawa GRA a Kano, makaɗan matasa ne maza da mata daga Legas, dama can ne aka fi samun masu wannan sana'ar tunda ƙungiyar harkar kiɗa ta Najeriya, MUSON, da aka kafa a 1983 tana da makarantar koyar da kiɗa a Onikan. Ba su cika okestira irin wadda ake gani a YouTube ba, 'yar ƙarama ce, masu bayolin a gaba, manyan gogunan nan da ake jinginawa a ƙasa a gefe, sai masu busa, sai piyano, sai masu ganguna can baya.

An rubuta ƙarfe huɗu a tikiti, ba a fara ba sai wajen biyar saura, wannan kam mun saba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakin ƙofa, POS ɗinsu babu netwok, layi ya yi tsawo, mutane riƙe da yara a rana ana ta jiran alat ɗin tiransifa ya shigo. Kuɗin ma ba sauƙi gare shi ba ga mai iyali da yawa, duk da an rage wa yara.

Amma da aka fara sai na manta da layin. Sun buɗe da Danzón mai lamba 2 na Arturo Márquez, mutumin Meziko, wanda aka fara kaɗawa a 1994, kuma wallahi duk wanda ya zaɓe shi ya san aikinsa. A hankali yake farawa, kilarinet ɗaya tana busa mai sanyi, piyano na rakiya, sai wani yaro a baya riƙe da 'yan sanduna biyu na katako yana haɗa su, ƙwas ƙwas, bugu biyar ne yake ta maimaitawa, uku a ɓangare ɗaya biyu a ɗayan, kuma duk kiɗan a kan wannan bugun yake tafiya har ya yi zafi masu ƙaho su shigo zauren ya ɗauka. Autarmu da ba ta iya zama wuri ɗaya ko a gaban talabijin, sai na ga tana buga shi a cinyarta daidai ba kuskure, ta juyo ta ce "Abba, ai irin na gidan biki ne". Ban musa mata ba don tana da gaskiya. Bugun nan daga Afirka ya tafi, bayin da aka kwashe zuwa Kuba da Birazil su suka je da shi, danzón ɗin ma asalinsa rawar Kuba ce kafin ta samu gindin zama a Veracruz ta Meziko, kuma ba a haramta bauta a Kuba ba sai 1886, Birazil 1888. Har Hausawa akwai cikin waɗanda aka kai Bahia ta Birazil, su ne suka shirya bore a 1807, sannan a 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka tayar da wani a birnin Salvador cikin watan azumi.

To nan ne babban ƙorafina. Duk wannan bayanin ba wanda ya yi shi a wajen. Mai gabatarwa ya tsaya ya yi ta zuba Turanci kan makarantun da waɗanda suka tsara kaɗe-kaɗen suka yi da lambobin yabo, yara suka fara hamma, wani dattijo kusa da ni ya taɓo ni ya ce "ɗana, me yake cewa ne haka tun ɗazu", na ce Baba tarihin masu kiɗan yake bayarwa, ya ce to Allah ya sa ya gama lafiya. Ka kira abu na iyali a Kano, ka ga zaure cike da iyaye mata da kakanni da 'yan firamare, ka kasa samo mutum ɗaya da zai yi minti biyu da Hausa ya ce jama'a ku saurari sandunan can, daga wajenmu suka je? Da an yi haka da an gama da mutane tun a kiɗan farko.

Na biyun da yara suka fi so shi ne kiɗan ɗan jirgin ƙasa na Heitor Villa-Lobos, mutumin Birazil, na 1930. Ba ya buƙatar tafinta, za ka ji jirgi yana tashi da ƙyar, yana ƙara gudu, ga usur, a ƙarshe ya ja birki ya tsaya, jagoran makaɗan ma ya juyo da 'yar sandarsa ya sa yara suna yin ƙarar tururi da baki. Tangon Astor Piazzolla na Ajantina da suka biyo da shi bai zauna min ba, masu bayolin sun yi ƙoƙari amma lasifika ɗaya ta ɓangarenmu tana ta ƙara, ga rurin janareto yana shigowa ta taga duk lokacin da kiɗan ya yi ƙasa, kuma irin wannan kiɗa rabin daɗinsa a wuraren da ya yi ƙasan yake. Wanda ya zauna a layukan baya ya yi asara, ku yi sammako ku kama gaba ko tsakiya.

Na yaba musu da suka tsaya cak da aka kira magariba, ba sai da wani ya roƙa ba. Sai dai butoci ba su wadata ba, wajen sallar mata kuma ɗan lungu ne, maman yara sai da ta jira wasu suka idar. Zoɓo da kunun aya akwai sanyi, farashi daidai, cincin ɗin kuwa a bar shi kawai.

Bayan sallah suka rufe da Mambo na Leonard Bernstein, shi Ba'amurke ne, ya rubuta shi cikin wasan West Side Story na 1957, kuma akwai gurbin da kowa zai daka ihu ya ce mambo. An gwada mana sau ɗaya, da aka zo na gasken har hajiyoyin da suka zauna a kame tun farko sai da suka ɗaga murya, masu ƙaho suka miƙe tsaye suna juyi, yara suka fito tsakanin kujeru ba wanda ya hana su.

Da aka tashi an bar yara su hau dandamali su taɓa kayan kiɗan, wata mai bayolin ta durƙusa ta saita wa babban ɗana a kafaɗa ta riƙe masa hannu ya ja, ƙarar da ta fito ba daɗin ji amma shi har yanzu maganar yake. Lokacin ya yi kaɗan, masu gadi suka fara kashe fitilu yara da yawa ba su kai ga layi ba. Na tambayi ɗaya daga cikin masu shirya taron ko akwai inda yaro zai koyi bayolin a nan cikin gari, ya ce in bar lambata za su kira, na bari, ina nan ina jira.