Sharhi: sg_format da faifan da ya zo da sekta mai bayit 520

Duk wanda ya sayi faifan ajiya na SAS (wani nau'in mahaɗin faifai da kwamfuta) na hannu, irin wanda ake cirowa daga manyan na'urorin ajiyar bayanai na kamfanoni, zai iya cin karo da wannan matsala: faifai yana juyawa lafiya ƙalau, amma kwamfuta ta ƙi aiki da shi. Nawa ma haka ya yi. Linux ya gan shi, sai dai ya nuna girmansa sifili, a dmesg, wato wurin da Linux ke nuna saƙonninsa, kuma ya rubuta cewa ba ya karɓar sekta mai bayit 520.

Ba lalacewa ya yi ba. Sekta ita ce mafi ƙanƙantar yankin da faifai ke karantawa ko rubutawa a lokaci guda, kuma girman da aka saba da shi bayit 512 ne, ko 4096 a sabbin faifai. Na'urori irin na kamfanonin NetApp da EMC kan ƙara bayit 8 a kan kowace sekta don ajiye lambar tantance ingancin bayanai, wasu ma 528 suke amfani da shi. Kwamfutar yau da gobe ba ta san da wannan ƙari ba.

Da sg_format na gyara shi, wata manhajar sake tsara faifai da ke cikin kunshin sg3_utils, kyauta. Umarnin layi ɗaya ne: sg_format --format --size=512 /dev/sg2. Gaskiya ya burge ni, domin ya yi abin da aka ce yana yi, ba ƙari ba ragi. Da ya gama, sg_readcap, umarnin da ke karanto girman faifai da na sektarsa, ya nuna 512, na sake kunna kwamfuta, faifai ya bayyana da cikakken girmansa.

Amma fa ba ya riƙe wa mutum hannu. Wannan lambar ta sg2, wadda Linux ya ba faifan nawa, ita ce wurin haɗari, don faifan da ke ɗauke da duk aikinka ma yana da tasa lambar a jeri ɗaya. 'Yan daƙiƙoƙi kawai yake ba ka na fasawa, daga nan komai ya tafi, ba dawowa. Ni sai da na duba da sg_scan -i, na gwada suna da samfurin da ya fito da abin da ke rubuce a jikin faifan, sannan na cire sauran faifan gaba ɗaya. Ban ga dalilin yin ƙasa da haka ba.

Sai haƙuri. Faifan ne da kansa yake sake tsara kowace sekta, shi ya sa aikin ke cin awanni, babban faifai kuwa yana iya kwana a kai. Ko an rufe tagar umarnin, aikin na ci gaba a ciki, ana iya leƙa inda ya kai da sg_turs --progress. Abin tsoro shi ne ɗaukewar wuta a tsakiya, domin faifan kan zauna ba ya karantuwa har sai an sake tsarin daga farko. In babu batirin ko-ta-kwana, gara a dakata.

Kafin a fara, a tabbatar katin da aka jona faifan yana miƙa shi kai tsaye, irin wanda ake kira HBA mai tsarin IT. Katin RAID, mai haɗa faifai da yawa su zama kamar ɗaya, sau da yawa yakan ɓoye irin wannan faifai, sg_format ba zai ma gan shi ba. Mai faifan SATA na gida kuma kada ya wahalar da kansa, yawancinsu daga masana'anta aka kulle girman sektarsu.