DSLR ko marar madubi, wacce ta fi wajen ɗaukar tsuntsaye da namun daji?

Ɗan uwa da ka yi tambaya jiya cewa kana so ka fara ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji amma ka rasa wacce za ka kama, DSLR ta hannu ko sabuwar kamara marar madubi, to ga abin da na gani tunda na riƙe duka biyun.

Bambancin tun daga sunan yake. DSLR akwai madubi a cikinta da ke turo maka hoto zuwa inda kake leƙawa, duk sanda ka danna sai ya ɗaga ya dawo, shi ne wannan ƙaras ɗin da kake ji. Marar madubi kuwa haske kai tsaye yake sauka kan sensa, wato abin da ke kama hoton a cikin kamara, abin da kake leƙawa ɗan mitsitsin allo ne. To a daji wannan ƙarar ba ƙaramin abu ba ce wallahi, ka yi awa biyu a laɓe ƙafa ta sage, gada ta fito shan ruwa, dannawa ɗaya ta ɗaga kunne ta ranta a na kare. Marar madubi za ka iya kashe mata ƙara gaba ɗaya. Kuma ba maganar hoto kaɗai ba ce, tsuntsuwar da ke kwanci idan kana firgita ta tana tashi, ƙwan ka bar wa rana da hankaka kenan.

Sai maganar saita ido, wato kamara ta saita kanta a kan idon dabba hoton ya fito tas, nan marar madubi ta yi gaba. A 2019 Sony ta saki sabuntawar manhaja da ke sa kamara ta nemo idon dabba da kanta, Canon R5 ta 2020 kuma har tsuntsu tana ganewa ta bi shi yana shawagi. Nikon D500 ta 2016, wadda DSLR ce, ita ma ba kanwar lasa ba ce, hoto 10 take yi a daƙiƙa ɗaya, sai dai kai ne za ka riƙa ɗora saitin kan tsuntsun, kuma kafin hannu ya faɗa za ka zubar da hotuna ba adadi.

Inda DSLR ta yi zarra shi ne batir. Caji ɗaya D500 tana haura hoto 1,200 a ma'aunin kamfani, kuma za ka wuni kana leƙe batir bai san ana yi ba, ita kuwa marar madubi muddin allon na kunne ci take yi, dole ka riƙe na ko-ta-kwana. Wani abin da masu talla ba sa faɗa, marasa madubi masu araha idan ka kashe ƙara sensarsu ba ta karanta hoto da sauri, sai ka ga fiffiken tsuntsu ya lanƙwashe kamar an murɗa shi.

Ni dai a ganina kar jikin kamara ya cinye maka kuɗin lens. Tsuntsu ba ya bari a matso shi, lens ƙasa da 400mm, ma'aunin yadda yake jawo nesa kusa, wahala kawai za ka sha. Idan sensar kamarar ƙarama ce irin wadda ake kira APS-C ma ka ci riba, a Nikon da Sony ana ninkawa da 1.5, kenan 400mm ɗinka zai ba ka gani irin na 600mm, a Canon kuma 640mm. Don haka idan aljihu ya isa marar madubi da dogon lens tare, ita za ka ɗauka ba wani dogon tunani. Idan kuwa ɗaya zai kai, kama DSLR ta hannu ka zuba sauran a lens mai kyau, ai gobe in ka koma marar madubi akwai adafta da ke haɗa tsohon lens da ita, FTZ a Nikon, EF-EOS R a Canon, lens ɗin zai bi ka.

Af, kafin in manta, ko wacce ka saya ka cire bayanin GPS, wanda ke nuna inda aka ɗauka, daga hoto kafin ka ɗora a intanet, musamman na sheƙa ko dabbar da ta yi ƙaranci, mafarauta ma suna duba hotunan nan.